Daga Kano Zuwa Jidda: Ina Nisan Ya Tafi?

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci sansanin alhazai ya san tambayar da aka fi yi a bakin mota kafin a yi sallama, ita ce, "Wai awa nawa za ku yi a sama?" Amsar kuwa har yara sun haddace ta: awa huɗu da rabi, ko biyar idan an ɗan yi jinkiri. Daga nan sai wani ya ce, "Kai jama'a, nesa ta zo kusa!" A yi dariya, a shafa fatiha, a watse. Mu ma mun sha faɗin haka ba tare da mun tsaya mun auna maganar ba, sai ranar da wani dattijo da ke zaune kusa da mu a irin wannan rakiya ya ji ta ya girgiza kai. Ya ce mahaifinsa shekara bakwai ya yi a wannan hanya, zuwa da dawowa, kuma da ya iso gida ya tarar yaron da ya bari a goye har ya soma kiwon awaki. Sa'an nan ya dube mu ya ce, "To 'ya'yana, nisan da ya ci wa babana shekara bakwai, ina ya tafi?"

Tambayar ta yi kama da raha, amma da muka koma gida muka juya ta sai muka ga tana da nauyi. Domin kuwa Kano ba ta gusa ba, Jidda ma tana nan inda take a gaɓar Bahar Maliya, ƙasar da ke tsakaninsu kuma ko taku ɗaya ba a rage mata ba. To idan haka ne, mene ne ya ragu? Kuma wannan abin da ya ragu, sauke mana nauyi ya yi, ko kuwa ɗora mana wani ya yi ba mu sani ba? Wannan shi ne abin da muke so mu tattauna da mai karatu.

Lissafin matuƙi da lissafin matafiyi

Bari mu fara da abin da babu gardama a cikinsa, wato lissafi. Idan aka miƙa zare a kan ƙwallon taswirar duniya daga Kano zuwa Jidda, tsawonsa zai kai kimanin kilomita 3,400, wato mil 2,100 da 'yan kai. Jirgin fasinja kuwa, idan ya gama hawa ya daidaita a wajen ƙafa 35,000 daga ƙasa, yana cin kimanin kilomita 850 a cikin awa guda. In aka raba wancan da wannan sai a sami awa huɗu, in aka ƙara lokacin hawa da na sauka sai a sami awa huɗu da rabin nan da kowa ke faɗa. Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ta kan yankin Tafkin Chadi, ta ratsa ƙasar Chadi, ta shiga Sudan, ta tsallake Kogin Nilu, sa'an nan ta haye Bahar Maliya. Har ila yau agogon Jidda yana gaban na Kano da awa biyu, saboda haka wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe zai sauka ya tarar ƙarfe 4:30 na yamma, alhali cikinsa yana gaya masa ƙarfe 2:30 ne. Yininsa ya gajarce da awa biyu, sai ranar dawowa za a biya shi.

Wannan shi ne lissafin matuƙi. Kakanninmu kuwa wani lissafi gare su dabam. Ba su san kilomita ba, zango suka sani. In ka tambayi madugu nisan gari, sai ya ce maka kwana kaza ne, akwai rijiya a wuri kaza, akwai daji mai 'yan fashi a wuri kaza, kuma kada ka tashi sai bayan kaka. Wato a wurinsu ƙafa da ƙishirwa da guzuri su ne ma'aunin nisa. Maniyyaci yakan tashi daga Kano ya bi ta Borno, ya haye zuwa Fot Lami, wadda a yau ake kira Njamena, ya ratsa ƙasar Wadai ta Abeshe, ya shiga Darfur ta Aljunaina da Alfashir, ya wuce Al'ubayyid a Kurdufan, ya isa Hartum, daga can ya gangara Sawakin a bakin teku, inda zai jira jirgin ruwan da zai haye da shi kilomita 300 da ɗoriya zuwa Jidda. Tafiyar ƙasar kaɗai ta kai kusan kilomita 4,000. Ko da mutum zai riƙa cin kilomita 25 kullum, babu hutu babu ciwo, sai ya yi kwana 160 kafin ya ga teku.

Amma kaɗan ne suka yi ta a haka, domin mafi yawansu talakawa ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda yake da ƙarfin tafiya da ƙafa, kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana ƙirga shi cikin masu ikon zuwa Hajji ko da ba shi da abin hawa. Saboda haka mutum yakan fita da almakashinsa ko askarsa ko allonsa, in guzuri ya ƙare sai ya yada zango a wani gari ya yi ɗinki ko wanzanci ko ya koyar da yara karatu, ko ya yi ƙodago a gonar wani damina guda, sa'an nan ya ƙara gaba. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, mutanenmu da yawa a can suka tara kuɗin jirgin ruwa. A wannan hanya an yi aure, an yi suna, an yi jana'iza. Wasu sun isa sun dawo, wasu sun isa amma a komowa suka zauna, wasu kuwa har suka tsufa suna cewa baɗi za su ƙarasa. Tun kafin wannan ma, bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, a garin da ya ɗauki sunansa. Daga irin waɗannan tafiye-tafiye ne aka sami ɗimbin Hausawa da Fulani da Barebari da suka zama 'yan ƙasar Sudan.

Abin lura kuma shi ne, jirgin sama ma da ya fara zuwa mana ta wannan hanya ya biyo. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, bayan sun taso daga kusa da Alƙahira sun biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango, cikin kwana shida. Hanyar alhazai suka bi, sai dai su yamma suka fuskanta. Daga wannan rana ne lissafin matuƙi ya soma cin lissafin matafiyi, har aka wayi gari jikokin masu ƙirga damina suna ƙirga awa.

Kada mu yi wa wahala kirari

A nan akwai wani rami da masu irin wannan nazari suka saba faɗawa, kuma ya kamata mu kauce masa. Ramin kuwa shi ne a ce tun da na da sun fi shan wuya, to tafiyarsu ita ce tafiya, tamu kuwa yawon buɗe ido ce. Wannan magana tana da daɗi a baki, musamman ga wanda yake zaune a inuwa, amma ba ta da ƙafar tsayawa. Wanda ya binne matarsa a dajin Wadai bai yi wa wannan hanya kirari ba. Hanyar ta cinye mutane da ƙishirwa da annoba, ta jefa wasu hannun 'yan fashi, ta jefa wasu cikin bauta, ta kuma bar mata da yawa a gida shekara da shekaru ba su san ko matan aure ne su ko masu takaba ba. Tsohuwa da gurgu da mai ciwo kuwa ba su ma cikin lissafi. Jirgin sama shi ne ya buɗe wa waɗannan ƙofa, kuma duk wanda ya ga hawayen tsohuwar da aka ɗora a keken guragu aka kai ta gaban Ka'aba ba zai raina awa huɗu da rabi ba.

Su kansu malaman fiƙihu ba su ɗauki wahala a matsayin abin nema ba. A Malikiyya nisan da ake yi wa ƙasaru mil 48 ne, wato wajen kilomita 80, kuma an ƙiyasta shi da tafiyar yini biyu ta raƙumi mai kaya. Jirgin da muke magana a kai yana cinye wannan nisa a ƙasa da minti shida. Duk da haka malamai ba su ce wa mai tafiya a jirgi ya cika salla domin bai gaji ba, sun bar masa rangwamensa, domin hukuncin a kan tafiya aka rataya shi. Wannan ya nuna mana cewa sauƙi kyauta ce, kuma ba a jin kunyar karɓar kyauta.

Kazalika kada mu manta cewa hanyar sama ma tana da nata matattun. A ranar 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A ranar 11 ga Yuli, 1991, wani ya kama da wuta jim kaɗan bayan ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato, mutum 261 da ke ciki babu wanda ya tsira. Saboda haka wanda ya yi wasiyya ya nemi gafarar iyalinsa kafin ya hau jirgi bai yi abin dariya ba. Tafiya tafiya ce, ko a kan jaki ko a kan iska.

Karatun da hanya take bayarwa dole

To idan wahala ba abin nema ba ce, me muka rasa ke nan? A ganinmu abin da muka rasa shi ne mutanen da ke tsakani.

Maniyyacin da ya tafi da ƙafa ba shi da zaɓi, dole ya zama baƙo sau ɗari kafin ya isa. Dole ya tsaya a bakin rijiyar da bai haƙa ba ya roƙi guga. Dole ya kwana a zauren mutumin da bai san sunan kakansa ba, ya ci tuwon macen da ba ta jin harshensa, ya koyi yadda ake cewa "ruwa" da "na gode" da Barbarci da Larabcin Shuwa da harsunan Darfur. In ya yi ciwo baƙi ne za su yi jinyarsa, in ɗan tafiyarsa ya rasu baƙi ne za su taya shi haƙa kabari. Kafin ya ga Jidda ya riga ya ci bashin alheri a garuruwan da ba zai iya ƙirgawa ba, kuma ya san ba zai taɓa komawa ya biya ba. Irin wannan mutum in ya dawo gida, ba sai an yi masa wa'azi a kan haƙƙin baƙo ba, jikinsa ya riga ya karanta. Da wannan ne Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma ilmin da ya fi yawa a cikinta shi ne sanin cewa rayuwarka tana rataye a hannun mutanen da ba su da wata alaƙa da kai.

Mu kuwa fa? Mukan shiga ta wata ƙofa a Kano, a ɗaure mu da ɗamara a kujera, a kawo mana shinkafa a ɗan faranti, mu yi gyangyaɗi, mu fita ta wata ƙofa a Jidda. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na miƙaƙƙiyar hanyar nan a kan ƙasar Sudan yake, amma mutum zai iya zuwa ya dawo sau goma bai taɓa yi wa Basudane ɗaya sallama ba. In ya leƙa ta taga, abin da zai gani ja-ja ne da fari-fari, babu rijiya, babu zaure, babu fuska. Kilomita 3,400 ɗin nan suna nan cike da mutane kamar yadda suke a da, sai dai an ɗaga mu sama da su mil shida da ɗoriya, inda ba ma bukatarsu. Wanda ba ka bukata kuwa, da wuya ka tuna da shi.

Ashe ke nan amsar farko ga tambayar dattijon nan ita ce, nisan bai tafi ko'ina ba. Ɓoye mana shi aka yi.

Ranar da nisan ya dawo

Abin da aka ɓoye kuwa wata rana yakan fito. A ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Wannan ya faru ne ana saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyata, a shekarar da aka ba Nijeriya kujeru 95,000. Ala tilas jirage suka bar miƙaƙƙiyar hanya suka riƙa yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi. Mai karatu zai iya tuna irin hirar da aka riƙa yi a majalisu a wannan lokaci. Mu dai abin da muka fi ji, kuma mu faɗi gaskiya, abin da mu kanmu muka fi faɗa, shi ne ƙorafi a kan ƙarin kuɗin kujera da ƙarin zama a cikin jirgi. Da yawanmu ta aljihu muka fara sanin cewa ana yaƙi a Sudan.

Alhali kuwa ga abin da ke faruwa a ƙasa. A 2023 an yi wa jama'a kisan gilla a Aljunaina, zangon farko da kakanninmu suke sauka in sun shiga Darfur. Ɗaruruwan dubban mutane suka tsallaka Chadi ta garin Adre, da yawansu da ƙafa, da yara a goye da tabarmi a ka, a kan hanyar nan dai da namu suka bi zuwa gabas. A watan Disamba na wannan shekara yaƙin ya ci Wad Madani, babban birnin Jazira, inda namu suka tsinci auduga suka tara kuɗin jirgin ruwa. Zuwa 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga fiye da mutum miliyan 10 da suka rasa matsugunansu. A watan Agusta na 2024 aka tabbatar da cewa yunwa ta kai matsayin fari a wani sansanin 'yan gudun hijira kusa da Alfashir, sunan sansanin kuwa Zamzam. Ita kanta Alfashir an yi mata ƙawanya tun daga watan Mayu na 2024 har ta faɗi a watan Oktoba na 2025. Waɗannan da abin ya shafa jikokin masu rijiyoyin nan ne da masu zaurukan nan, kuma a cikinsu akwai jikokin namu da suka yada zango ba su tashi ba.

Da a ce mahaifin dattijon nan yana raye ya ji waɗannan sunaye a rediyo, da kowane suna ya zo masa da fuska. Mu kuwa sun zo mana kamar sunayen taurari.

Mudu biyu

A nan ne muka iso ga abin da muke ganin shi ne gundarin maganar. Jirgin sama ya bar mu da ma'auni biyu na nisa, ɗaya na awa, ɗaya na kilomita, kuma mun ƙware wajen zaɓen wanda ya dace da son ranmu. In abin namu ne, in ibada ce ko fatauci ko neman magani ko karatun 'ya'ya, sai mu ɗauko ma'aunin awa mu ce ai Jidda nan ce kusa, Alƙahira nan ce kusa, Dubai ma sammako ne kawai. In kuwa aka zo maganar haƙƙi, aka ce ga wasu can suna cikin masifa, sai mu ɗauko ma'aunin kilomita mu ce ai can wata uwa duniya ce, ina ruwan biri da gada. Alhali daga Kano zuwa Alfashir kimanin kilomita 1,800 ne, wato wajen awa biyu da rabi a jirgi, bai kai rabin abin da mota take ci daga Kano zuwa Sakkwato ba.

A kasuwa mun san sunan mai riƙe da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa, kuma mun san abin da addini da al'ada suka ce a kansa. To me ya raba mu da shi? Idan mun yarda nesa ta zo kusa ranar da za mu karɓa, ba mu da bakin cewa ta koma nesa ranar da za mu bayar.

A da nisa uzuri ne na gaskiya. Wanda yake Kano a 1900 ba ya jin labarin Darfur sai bayan wata da watanni, kuma ko ya ji babu abin da hannunsa zai iya kaiwa. Ba a tuhumar mutum a kan abin da bai sani ba, ko abin da ya fi ƙarfinsa. Amma na'urar da ta rage mana hanya, tare da 'yan'uwanta rediyo da waya da intanet, ta karɓe wannan uzuri daga hannunmu. Mun ji daɗin sauƙin, ba mu lura cewa tare da takardar bashi ya zo ba. A littattafan malamai akwai zancen cewa maƙwabtaka tana kaiwa gida arba'in ta kowace fuska. Ba mu da hurumin sauya wannan ƙidaya, amma muna iya tambayar kanmu: mutumin da muke iya isa ƙofar gidansa tsakanin hantsi da azahar, da wane suna za mu kira shi?

Abin da mai ja zai iya cewa

Mai ja yana iya cewa, "Wannan ɗora wa talaka kaya ne. Maniyyacin da ya sayar da shanunsa ya biya kujera, me zai iya yi wa yaƙin Sudan? Ba shi ya haɗa shi ba, kuma ba zai iya tsayar da jirgi ya sauka ba." Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ba mu ce laifin yaƙin yana wuyan fasinja ba. Yana iya ƙarawa da cewa zuciyar ɗan Adam ba ta da faɗin da za ta ɗauki kukan duniya duka, kuma mu ma a gida muna da namu 'yan gudun hijirar, daga Borno har Zamfara, waɗanda suka fi cancanta da mu fara da su. Wannan ma gaskiya ne, domin na kusa shi ne a gaba.

Sai dai mu lura da abu biyu. Na farko, ba a nemi kowa ya ɗauki duniya duka ba. Maganar a kan hanya ɗaya ce tak, wadda muka ci moriyarta ɗaruruwan shekaru, kuma mutanenta suna bin gidajenmu bashin ruwa da tuwo da makwanci. Magaji kuwa ba ya cin gado ya ce bai san da bashin mamaci ba. Na biyu, mudu biyun nan ba a kan Sudan kaɗai muke aiki da shi ba. Shi ne dai muke fitarwa a cikin gida. Akwai wanda yake zuwa Umra kowace shekara, amma ya shekara biyar bai taka ƙauyen da gwaggonsa take ba, in an tambaye shi ya ce hanya ce babu kyau. Akwai wanda ya san lokacin tashin kowane jirgi zuwa Jidda, amma bai san sansanin 'yan gudun hijirar da ke bayan unguwarsu ba. Saboda haka wanda ya ce a fara da na gida, mun yarda da shi, da sharaɗin a fara ɗin. Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake, kuma ba mu ji an ce jirgi ya soke wannan ba.

Akwai kuma maganar lokaci. Mahaifin dattijon nan ya biya shekara bakwai, mu kuwa mukan je mu dawo cikin kwana 30 ko 40. Shekara shida da wata goma sha ɗaya ke nan aka mayar mana a hannu. Ba mu saye su ba, ba mu kuma fi na da cancanta da su ba. Duk abin da aka ba mutum a irin wannan hali amana ce, kuma ana tambayar amana. Karatun da hanya take bai wa na da dole, mu sai dai mu neme shi da gangan a cikin wannan rarar lokaci, in ba haka ba kuwa ba za mu same shi ba sam.

Kammalawa

Neman nasa kuwa ba wani abu ne mai wuya ba. Mu san sunayen garuruwan da ke tsakani, mu koya wa 'ya'yanmu su, domin wanda ba ka san sunansa ba ko a addu'a ba za ka ambace shi ba. Masu wa'azin bita da suke koya wa maniyyata ɗawafi da jifa, babu laifi in sun ɗauki minti goma sun gaya musu ta kan su wa za su wuce, da abin da waɗannan mutane suka yi wa kakanninsu. Wanda Allah Ya hore wa zuwa karo na uku ko na huɗu yana iya auna kuɗin kujerarsa da cikin da za su ciyar, ya yi wa kansa hukunci. In an buɗe asusun taimako ta hanyar da aka amince da ita, kada mu ce nisa. In kuma baƙo ya tsaya a ƙofarmu da harshen da ba mu ji, ko daga ina ya fito, mu tuna cewa namu ma sun taɓa tsayawa haka a ƙofar wasu, kuma ba a kore su ba.

A ranar da dattijon nan ya yi mana tambayarsa ba mu ba shi amsa ba, murmushi kawai muka yi, aka kira maniyyata, kowa ya tashi. Da za mu sake haɗuwa da shi, da mun ce masa: Baba, nisan yana nan. Babanka ya ɗauke shi a ƙafarsa shekara bakwai ya sauke. Mu an ɗauke mana shi daga ƙafa, an mayar mana da shi wuya, kuma har yanzu ba mu sauke ba.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya kuma zaunar da waɗanda ake wucewa ta kansu lafiya.